Inci Nawa Ce Taku?

Da zarar kaka ta yi, an kai masara da waken suya kasuwar Getso an juyo da 'yan kuɗi a aljihu, sai wata cuta ta kama magidantan yankinmu, tun daga Dugabau har Garo, har ka dangana da Gwarzo, cutar da ba ta jin allura ba ta jin rubutu, wato cutar sauya talabijin. Mutum yana zaune lafiya da tsohuwarsa mai doro, wadda take yi masa hidima tun zamanin da Ɗan Ibro ke tashe, ba ta taɓa kawo masa gardamar da mari ɗaya a ƙeya bai warware ba, amma ranar da ya shiga barka gidan maƙwabci ya ga ta bango tana ƙyalli, shi ke nan, ya dawo gida yana yi wa tasa kallon hadarin kaji. Kada kowa ya yi fuska. Duk mun yi, wanda bai yi ba kuwa kuɗin ne ba su haɗu ba tukuna.

Mu dai ba ma taɓa saya don kanmu. Ka tambayi kowane magidanci zai ce maka don yara ne, don kada su riƙa leƙe a gidan mutane ana yi musu gori. Wani ya ce don tafsiri ne in azumi ya zo, wani ya ce uwar yaran ce ta hana shi sakat. To a sayo ɗin, sai ka tarar rimot ɗin yana aljihun babbar rigar maigida, da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa ɗaurin aure, yaran da aka saya dominsu kuwa suna nan suna leƙe a gidan mutanen da aka ce kada su je.

Tambaya ɗaya ce tak muke yi a kan talabijin, daga mai saya har mai zuwa taya murna: inci nawa ce? Ba mai tambayar yadda hoton yake, ba mai tambayar wutar da take ci. Mai inci 32 ta sabon ango ce da malamin firamare, mai 43 ta wanda noman rani ya karɓe shi a bakin dam ɗin Guzuguzu, mai 55 kuwa sai wanda aka fara kira Alhaji tun bai je ba. In na kusa da kai ya sayo 43, kai ba ka da ikon sayen 43, don za a ce kwaikwayo ka yi, ba ka da ikon sayen 32, don za a ce ƙarfinka ke nan, dole ka lalubo 50 ko da sai an haɗa da ɗan akuyan da aka ajiye don suna. Ɗakin da za a sa ta kuwa, in ka shimfiɗa tabarma biyu ya cika, amma wa ya taɓa auna ɗaki kafin ya tafi kasuwa? Awon sai an dawo ake yi. A aika yaro wurin tela ya aro tef, a ɗora daga wannan gefe zuwa wancan, a ga mai 32 ta tsaya a 28, sai maigida ya tashi da salati, an cuce shi, an cinye masa inci huɗu, gobe da asuba zai koma Kano. Sai wani ɗan sakandare ya lallaɓa ya ce, "Baba, ai daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, a karkace." A karkata tef ɗin, 32 ta fito cif. Baba ya yi shiru, can ya ce ai ya sani, gwada yaron yake yi.

Tafiya sayen ma ba a yin ta kai kaɗai, sai da masani. Kowace unguwa tana da nata masanin, galibi mai cajin waya ne, ko wanda ya taɓa zaman Ikko ya dawo da Turancin kasuwa. Kai za ka biya masa kuɗin mota, kai za ka saya masa shinkafa da wake a hanya, a kantin kuma mai kaya ya san da la'adarsa a cikin kuɗin da za ka biya, kai ma ka sani, shi ma ya san ka sani, amma a bar kaza cikin gashinta. Ku sauka a Kabuga, ku shiga adaidaita sahu zuwa Sabon Gari ko titin Beirut, kuna shiga ku ce a nuna muku filasma. Manyan kamfanonin da ke ƙera filasmar, Panasonic da Samsung da LG, duk sun rufe wannan babin tun 2014, abin da ke jere a kantuna yanzu wani nau'i ne daban mai ƙananan fitilu a bayan gilashi, amma mai kanti ba zai ɓata cinikinsa da gyara maka zance ba. Filasma ka ce, filasma zai ɗauko.

Daga nan sai gwaji, kuma gwajinmu na gado ne. Masani ya ƙwanƙwasa bayanta da ɗan yatsa ya kasa kunne, ya ɗaga ta ya jijjiga ya ce nauyinta ya yi, ya leƙa ramukan da ke gefe yana gyaɗa kai. Kai kuma naka aikin ka tsuke fuska ka tambaya, "Ta Koriya ce ko ta Caina?" Mun riƙe cewa Samsung da LG na Koriya ta Kudu ne, Hisense da TCL na Caina, muna yi wa kayan Caina yanga alhali wayar Tecno ko Itel da ke aljihunmu, wadda muka yarda da ita har muke ajiyar kuɗi a cikinta, daga can ta fito. Sannan ga 'yan uwansu na bayan kanta, masu sunan da in ka karanta da sauri za ka rantse babban kamfani ne, sai ka dawo gida ka zauna da kyau ka ga harafi ɗaya ya sauya wuri.

Mai kanti kuwa ya fi mu shiri. Yana da filash ɗinsa na musamman da ya cika da hoton aku mai launi bakwai, da ruwa yana zubowa daga dutse, da yankakkiyar kankana da raɓa a jikinta, yana sokawa ka ga gashin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya, har ka kai hannu za ka taɓa.

"Alhaji, wannan 4K ce, ba irin ta yara ba."

"To ita waccan fa?"

"Waccan HD ce kawai. Ita ma tana yi, amma ba girmanka ba ce."

Da ya ce ba girmanka ba ce ciniki ya ƙare, sauran duk al'ada ce, ka taya, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya bar ka ka kai bakin ƙofa sannan ya kira ka. In ka ce bara ba haka kuɗinta yake ba, ya ce maka dala. Kuma da gaskiyarsa, dalar da ba ta kai naira 500 a banki ba kafin watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, talabijin kuwa ko a nan aka haɗa ta, kayan cikinta da dala aka shigo da su.

Abin da mai kanti ba zai zauna ya warware maka ba, kuma masani bai sani ba ballantana ya faɗa, shi ne hoton talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana aka jera. Wadda ake kira HD tana da ɗigo 1280 a kwance, 720 a tsaye, bai cika miliyan ɗaya ba. Ta gaba da ita 1920 ne da 1080, miliyan biyu da 'yan kai. Ita 4K ɗin da aka ce girmanka ce, 3840 ne da 2160, sama da miliyan takwas. Amma talabijin ba ta ƙirƙirar hoto, abin da ka ba ta shi za ta shimfiɗa maka. To me muke ba ta? Fim ɗin Indiya mai fassara da aka tura wa yaro a shagon masu turi, wanda aka matse shi don ya shiga ƙaramin memori, ɗigonsa 640 ne da 360. Ka yi lissafi, kowane ɗigo ɗaya na fim ɗin sai ya baje a gurbin 36, tamkar a ɗauki dunƙulen fura ɗaya a dama wa 'yan gayya. Fuskar jarumi ta fito a dagule, gashin baki ya haɗe da hanci, amma mu muna zaune muna cewa kai, wannan tibi akwai fitar da hoto. Ido ba mudu ba ne, an ce ya san kima, namu idon dai kuɗin da muka biya yake gani. Ko da hoton na gaske ne ma, in ka zauna nesa da ya wuce mita biyu da rabi, lafiyayyen ido ba ya bambance 4K da mai miliyan biyun a kan inci 43, balle idon Kawu da aka ce ya je a duba masa yana tun shekarun baya yana cewa sai bayan girbi.

Akwai kuma jam'iyyar masu cewa su ba sa sayen sabuwa, sai 'yar Kwatano, wai ta fi ƙarko. Kowace 'yar Kwatano labarinta ɗaya ne, wata tsohuwar Baturiya ce ta yi amfani da ita, labarai kawai take kalla. Ba rimot, ba ƙafa, sai ɗan layi siriri a gefen gilashi da mai kaya zai ce zai ɓace in ta yi zafi. Araha ba ta ado, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, amma dai in an dace an dace, akwai waɗanda tasu ta binne sababbi biyu na maƙwabta.

Dawowa gida ita ce rabin daɗin. Ba a sa talabijin a but, kujera guda ake biya mata, ko mutum ya rungume ta a cinya tun daga Rijiyar Zaki, a wuce Janguza, a wuce Rimin Gado, ƙafa ta yi tsami ba ya motsi, kowane rami direba ya faɗa sai ya ce, "Direba, a hankali, da kaya a hannuna," ko da akwai mai jego a motar bai tuna da ita ba. In an sauka aka hau babur, sai a juya kwalin ta yadda sunan kamfani da lambar incin za su kalli waje, kuma ɗan acaɓa ya san aikinsa, ba zai bi ta lungu ba, ta gaban majalisa zai bi, ya rage gudu a yi sallama. Kuɗinta kuwa kala uku ne. A majalisa a ƙara mata wani abu. A wurin uwargida a rage, don kada a tuna da alkawarin atamfar Sallah. In kuma ɗan'uwa mai yawan neman rance ne ya tambaya, ai bashi aka karɓo, ana biya a hankali.

Sai kafawa. Muna kafa ta can sama dab da silin, don kada yara su taɓa, sai gida gaba ɗaya ya zauna a tabarma wuya a tanƙware, kallo ya koma sama. Ledar da ta zo a jikin firam ɗinta ba mai ɓarewa, takardun da aka liƙa a kusurwar gilashi suna nan suna rufe rabin ƙwallon da aka buga kwana, ɓare su ai rage mata daraja ne. Rimot a naɗe shi da farar leda a ɗaure da salatif har maɓallan su daina dannuwa sai da haƙori. Uwargida ta ɗinka mata riga mai leshi saboda ƙurar hunturu, in baƙi na kunya za su zo a yaye, in sun tafi a mayar. Kwalin kuwa ya hau saman sif ya zauna, shekara da shekaru, ɓeraye su yi 'ya'ya a ciki su yi jikoki, ba mai yarda a yar, amma takardar garanti, wadda ita kaɗai ce za ta yi rana, tun a mota aka naɗe ƙosai da ita.

To an kafa, saura wuta. Nan ne ake yin ta. Wutar nan tana zuwa ne in ta ga dama, wani lokacin tsakar dare, sai ka ji gari ya ɗauki ihun yara, masu barci su tashi a kunna tibi ko da ba abin kallo, don dai kada wutar ta tafi a banza. Wani zuwan ta zo a sanyaye ko ƙwai ba ta iya haskawa, wani zuwan ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Mutumin da ya zuba kuɗin buhunan masara a kan talabijin, in aka ce ya ƙara ɗan abu kaɗan ya sayi sitabilaiza ko ɗan abin nan da ke tare wuta in ta yi yawa, sai ya ce Allah ne ke tsarewa. Allah na tsarewa, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka. In damina ta zo aka fara tsawa, ba mai tashi ya zare wayar dish, sai an ji ƙauri. Washegari a rungume ta zuwa wurin mai gyara a Gwarzo, ya buɗe ya ce allon ciki ne ya ƙone, ko ya ce gilashin ne, kuɗinsa kuma ya kusa na sabuwa. Ita kuwa mai doro da aka tura ɗakin yara tana nan tana aiki abinta.

Janareto ma da yana rufa asiri, amma tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayun 2023, ɗan ƙaramin injin nan ya koma sai ran da ake wasan ƙarshe na kofi. Masu dabara sun koma sola, faranti ɗaya a kan kwano, batir a ƙarƙashin tebur, da 'yar talabijin mai cin bolt 12 kai tsaye. A nan ne girman inci yake juyo wa mai shi, don mai 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, mai 55 kuwa tana iya cin ninkin haka. Sai ka ga talaka mai 'yar ƙarama yana kallo har sha ɗayan dare, Alhaji mai 55 batirinsa ya yi ƙara tun kafin a idar da sallar isha'i, 'ya'yansa sun sulale gidan talakan. Gaba da gabanta.

Ni fa abin da ya fi ba ni dariya shi ne simat. Kowa simat yake so, mai shiga intanet, mai YouTube a jikinta. An biya kuɗin simat ɗin, amma tun da aka kawo ta ba ta taɓa ganin intanet ba sai ranar farko da masani ya haɗa ta da wayarsa, data ta tafi kafin a gama gaisawa. Hoton 4K na gaskiya yana iya lashe gigabait bakwai a awa ɗaya, mu da muke sayen data ta kwana guda muna lallaɓa ta. Dikodar biya kuwa, watan farko ne kawai take da rai, wanda ya zo da ita kyauta, daga nan sai a koma tashoshin da dish ke kamowa ba ko sisi, waɗanda yawancinsu hotonsu na tsohon ma'auni ne, ko mai doro za ta nuna shi daidai. Kuma ba mu rasa komai ba, tun da Arewa24 ta fara a 2014 matan gida suka samu abin yi, an sha Daɗin Kowa, an sha Kwana Casa'in, an sha Labarina, har tuwo ya sha ƙonewa. Maigida yana cewa shi ba ya kallon wasan mata, amma ya fi kowa sanin wanda ya saki wa. In kuma aka ji sallamar Malam Liman a zaure, kafin ya cire takalmi an mayar da ita tashar Makka, ana ɗawafi, gida ya yi tsit, Malam ya shigo ya ce masha Allah, gidan nan akwai tarbiyya.

Dattawanmu in suna jin wannan rigimar ta ɗige-ɗige sai su yi murmushi. Su da lokacin da talabijin ta fara a Kaduna a 1962 sai dai labari suka ji, suka ga Abubakar Rimi ya kafa CTV 67 a mulkinsa na 1979 zuwa 1983, wadda yau ake kira ARTV. Akwati ɗaya ne a gari, baƙi da fari, da batirin mota, da eriya a kan dogon gora, yaro ɗaya aikinsa ke nan ya tsaya a waje yana juya goran ana yi masa ihu "ya yi, ya yi, a'a koma baya." Hoton yana yayyafi, Samanja yana fitowa biyu-biyu, wani mai son burgewa ya liƙa shuɗiyar leda a gilashi ya ce tasa mai kala ce, amma har yau suna ba da labarin abin da Samanja da Ƙarƙuzu da Ƙasimu Yero suka yi ba su manta ko ɗaya ba.

Mai mata biyu kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, don adalci yanzu da inci ake auna shi. In amarya ta tare da mai 43, ko da iyayenta ne suka haɗo mata a kayan jere, uwargida ba ta san wannan zancen ba, tata mai 32 ta zama abin gori, sai an sauya. In ka sayo iri ɗaya don a zauna lafiya, wadda aka fara kafa wa ita ce 'yar gaban goshi. Dama tun a wurin jere ake fara musun, dangin amarya su ce kayan kallo na ango ne, dangin ango su ce ai gida suka gina, a ƙarshe dai ƙusa ce kawai a bango har a yi buɗar kai.

Ran da ake babban wasa kuwa, Madrid da Barcelona, ko Najeriya na buga na ƙarshe irin wanda Kwaddebuwa ta doke mu 2 da 1 a Abijan a Fabrairun 2024, ka zaga gidan kallo ka ƙirga masu filasma a gida. Ga mai 43 a benci na biyu, ga mai 50 ya rakuɓe jikin zana, ga Alhaji mai 55 da kansa ya tattare babbar riga ya biya kuɗin ƙofa ya matsu tsakanin 'yan acaɓa, yana hangen wata tsohuwar tibi daga benci na tara, kan wani dogo ya tare masa raga ɗaya. Ka matsa ka ce, "Ranka ya daɗe, ina taka ta gida?" Ba zai ko juyo ba.

"Kai, bari kawai. A gida in alƙali ya yi son kai, wa zan zaga a rama? Kai mai jar hula, sunkuya mana!"